Soron da Babu Shanya

Kwanakin baya ina zaune a ƙofar shago ina buɗe akwatin bayan wani fano, wato farantin nan mai kama hasken rana da kuke gani a kan gidaje, sai ga wasu samari biyu sun tsaya suna kallona. Ɗaya ya rage murya wai kada in ji, ya ce wa ɗan'uwansa, "Wannan har aiki ne? Jar waya ga ja, baƙa ga baƙa, an gama." Na san irinsu, su kalli bidiyo a salula da safe, kafin azahar sun zama injiniyoyi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa nake son in ba ku labarin sana'ar nan yadda take, ku da kuke ganin duk ilmin bai wuce waya biyu ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle soro.

Sunana Isuhu. Da can Isuhu Mai Rediyo ake ce mini a unguwar Zango, yanzu kuwa Isuhu Sola ya bi ni har masallaci. Lokacin da mahaifina ya kama hannuna ya kai ni rumfar Malam Laminu mai gyaran rediyo, babu wanda ya taɓa jin ana samun wuta daga rana a Damagaram. Na zaci ranar farko za a miƙo mini turnabis, abin kwance ƙusa, in fara kwance-kwance. Tsintsiya aka ba ni, da gwangwanin ƙusoshi in ware manya da ƙanana. Na daɗe a kan wannan kafin a yarda in hura gawayin da ake gasa ƙarfen liƙi.

Rediyon farko da Malam Laminu ya miƙo mini na wani mai balangu ne. Na kai hannu zan buɗe, ya buge mini yatsu. Ya ce, "Ka tambayi mai shi? Ka sansana?" Na kai hanci, sai ƙaurin maiƙo. Ashe mutumin a gefen tukuba yake rataye shi, hayaƙi da kitse sun cika cikinsa har sun haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Ko ƙusa ɗaya ba mu canza ba, wankewa muka yi da fetur muka bar shi ya sha iska. Malam ya ce mini, "Na'ura ba ta ƙarya, amma ba ta ba da labari. Mai ita ke ba da labari, shi kuma rabi yake mantawa." Allah ya jiƙansa, mutum ne mai saurin hannu wajen duka, amma duk wanda ya fito daga rumfarsa bai kwana da yunwa ba.

Da salula ta zo ta kashe kasuwar rediyo, wasu masu kafa famfunan rijiya da hasken rana suka sauka garin nan suna neman mai hannu a liƙi. Na bi su ƙauye-ƙauye ina ɗaukar tsani, ga furfura ta fara leƙowa a gemuna, na koma ɗan koyo karo na biyu. Abokaina suka yi ta yi mini dariya. Ban damu ba, don na ga inda duniya ta dosa. A wurinsu na koyi cewa fano kudu yake fuskanta, a ɗan karkace, kuma tsakaninsa da batir dole a sa regilata, ɗan akwatin da ke hana batir ƙoshi fiye da kima ko yunwa fiye da kima.

Jakata ba ta da nauyi. Akwai mitar gwaji, akwai turnabis manya da ƙanana, dalma, silikon na toshe kafa, da wata 'yar fanka da na ciro daga matacciyar na'ura, wadda nake jonawa kai tsaye in ga ƙarfin fano da idona. Sai ƙarfen liƙi irin na da, mai kan jan ƙarfe, wanda ake gasawa a garwashi. Yaran yanzu in sun gan shi sai su yi murmushi, su nuna mini nasu na lantarki. Nakan ce musu, gidan da aka kira ka don babu wuta, a ina za ka jona naka?

Wani aiki da na yi a Garagumsa ya isa ya nuna muku irin mutanen da muke fama da su. Wani manomi ya ji tsoron iskar farkon damina kada ta ɗauke masa fano, sai ya nemi dutse ya danne shi, kamar yadda ake danne kwanon rufi. Iska ba ta ɗauke shi ba kam, amma gilashin ya tsage tun daga kusurwa har tsakiya, ruwa ya fara shiga. Na goge, na bar shi ya bushe sarai a rana, na bi tsagar da silikon mai haske siriri-siriri, na ɗaure ƙafafun da ƙarfe yadda ya kamata tun farko. Na gaya masa gaskiya cewa ba zai koma sabo ba, amma zai kunna masa fitila ya cika salula. Akwai masu cire regilata wai tana satar wuta. Akwai masu zuba ruwan rijiya a batir. Akwai wanda ya kwara wa fano ruwan randa da tsakar rana don ya tausaya masa zafi. Duk cikinsu babu mugu, kowa da dalilinsa, kuma in ba ka gano dalilin ba, gyaranka ba zai kwana ba.

Mun kuma ga baƙar shekara. Wasu 'yan kasuwa suka cika gari da fano mai araha, a bayansa an manna takarda mai ɗauke da babbar lamba, a ciki kuwa rabin ƙwayoyin hoto ne kawai aka zana. Mutane suka saya kamar ana rabo. Kafin damina ta fita duk sun mutu, kuma babu abin gyarawa a jikinsu, don ba a gyara abin da tun asali babu shi. Masu sayarwa suka ɓace, mu da ke zaune a gari muka sha zagi. Har a wurin ɗaurin aure na ji wani yana cewa sola yaudara ce. Na koma gyaran tocila da fankar tebur, abincin gidana ya ragu, wasu abokan sana'a suka sayar da kayan aiki suka kama kabu-kabu da babur. Ni dai ban sayar da ko turnabis ɗaya ba, kuma ban taɓa ɗora wa kowa wannan fanon a kan rufi ba, ko da an roƙe ni.

Amma aikin da nake son ku ji da kyau shi ne na gidan Malam Kiyari a Dogo. Ɗansa Ari, ma'aikacin biro ne, wato ofis, a nan Damagaram, shi ya same ni a shago wata rana da kaka, ya zauna a benci kamar wanda aka zare wa laka. Ya ce mahaifinsa na da ciwon sukari, kullum sai ya yi wa kansa allura, allurar kuwa sai a cikin sanyi take zama. Shi ya sa ya saya masa ƙaramin firigo da fano biyu da batir. Duk damina abin ya yi aiki lafiya lau. Da kaka ta shigo sai firigon ya fara mutuwa, maganin ya lalace ba su sani ba, tsohon ya yi ta yin allurar banza har ya faɗi, sai da aka kwantar da shi a likita, wato asibiti, a Mirriya. Wanda ya kafa kayan ya je ya duba, ya ce shi bai ga komai ba.

Ari ya ce, "Malam Isuhu, yanzu majo, babban ma'aikacin jinya na Dogo, shi ke ajiye mana maganin a firigon likitar garin, Baba kuma safe da yamma sai ya taka ya je, da ƙafar da ba ta da lafiya. Ba zan iya zuba ido ba. In bai gyaru ba zuwa ƙarshen wata, zan ɗauko shi in kawo shi gidana, ko yana so ko ba ya so."

Na tambaye shi, "Shi me ya ce?"

Ya ce, "Cewa ya yi in na raba shi da garkarsa, in haɗa da likkafani."

Washegari na shiga motar Dogo. Malam Kiyari dogon tsoho ne, asalinsu Barebarin unguwar Birni ne a nan gari, aikin malamin gona ya kai shi can, da ya ajiye aiki ya ƙi dawowa. Yana da garka a fadama, ya dasa dabino da mangwaro da hannunsa, kuma kowace bishiya yana maganarta kamar 'yarsa. Ya tarbe ni a zaure, muka gaisa gaisuwar Barebari wadda ba ta ƙarewa, aka kawo ruwa, aka kawo fura. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa matarsa, "Amsa, mai gyara zai hau sama."

Daga ciki ta ce, "A ɗan dakata mini."

Kun san al'adarmu, ko da yake wasunku sun fara mantawa. Namiji ba ya hawa soro haka kawai, don daga sama tsakar gidan maƙwabta a buɗe take. Sai an sanar, mata sun kintsa, wadda ke wanka ta gama, sannan a ce bismilla. Na ji muryar Ya Amsa, haka ake kiranta don girmamawa, tana leƙa katanga tana gaya wa maƙwabta. Na sha furata a natse har aka ce in shigo.

Matakalar laka ce ke kaiwa saman ɗakin. Na tarar da soro a share tas, fano biyu suna ƙyalli kamar ranar da aka saye su. Na sa mita, kowanne ya ba da ƙarfin da lafiyayyen fano ke bayarwa. Na sauko na duba regilata, lafiya. Batir ne kawai na tarar a galabaice. Na goge bakinsa, na ɗaure ƙusoshi, na canza wata siririyar waya da ban yarda da ita ba. Na zauna har la'asar ina kallon batir yana cika, firigo ya tashi yana gurnani. Aka kawo mini tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa, na ci na yi godiya, na kama hanya.

Ba a yi mako ba Ari ya kira ni, ya ce firigon ya sake mutuwa. Na koma da batir nawa da regilata tawa, na cire nasu na sa nawa. Aka yi zaman zaure, aka sha fura, aka sanar da maƙwabta, na hau na tarar da komai lafiya. Na wuni, firigo ya yi sanyi, na tafi. Bayan 'yan kwanaki ya sake mutuwa, da kayana a jikinsa. Muryar Ari a salula ta fara sanyi, ban kuma ga laifinsa ba. A nan ne ɗayanku zai ce firigon ne, a sayi sabo. Ni abin da ya hana ni sakat shi ne, yaya kayan da suka jure gajimaren damina za su kasa yanzu da sama ta washe, rana tana dukan ƙasa tun hantsi? Kuma wace irin cuta ce wannan da ke warkewa duk ranar da na zo?

Zuwa na uku, saura kaɗan wata ya ƙare, na tarar da abin ya canza. Fano ɗaya rabin ƙarfinsa kawai ya bayar. Na juya shi na buɗe baƙin akwatin da ke bayansa, ƙauri ya bugi hancina. A cikin akwatin nan akwai wasu 'yan abubuwa biyu kamar ƙwayar wake, sunansu diyod. Idan inuwa ta rufe wani sashe na fano, su ke buɗe wa wuta hanyar ratse don kada sashen ya ƙone. Amma don inuwar tsuntsu ko ganye mai wucewa aka yi su, ba don inuwar da za ta wuni ba. Ɗaya ya ƙone ƙurmus, har robar gefensa ta narke. Na mayar da fanon na duba fuskarsa a karkace, sai na ga wasu ƙwayoyi a ƙarƙashin gilashin sun yi ja-ja kamar an gasa su, kuma ba a warwatse suke ba, a tattare suke wuri ɗaya.

Inuwa ke nan. To inuwar me? Babu bishiya kusa, babu dogon gini, babu ko igiyar shanya. Na zauna a bakin soron ina share gumi, na ɗaga kai ina kallon gari ba da wata niyya ba. Kaka ce, ko'ina ka duba saman ɗakuna a cike yake. Can jan barkono, can soɓorodo, can kuɓewa yankakkiya, can wake a kan tabarma. Duk unguwar, soro ɗaya ne kawai babu ko ƙwayar shanya a kansa, shi ne wanda nake zaune a kai. Gidan mai garka guda, gidan da duk zuwan da na yi sai na ci miyar busasshiyar kuɓewa.

Na ɗauki ƙaramin turnabis na sa a leɓen ƙarfen da ya zagaye gilashin, ta ƙasa, inda tsumma ba ya kaiwa. Na kankaro. Garin ganye ya fito kore shar, da 'ya'yan kuɓewa. Na ɗanɗana, zogale ne. Wallahi daɗin da na ji a lokacin nan, ko ranar da aka fara kirana maigida ban ji irinsa ba. Ashe duk zaman da nake yi a zaure ina shan fura ana sanar da maƙwabta, a lokacin ne ake kwashe cutar daga sama, a goge gilashi, a share soro, don kada baƙo ya ga tarkace.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Na roƙi garwashi a kasko, na gasa ƙarfena, na narkar da dalmar na cire diyod ɗin duka biyu, don wanda bai ƙone ba shi ma ya sha wuya. Na kankare wurin har jan ƙarfe ya fito fes, na liƙa sababbi ina lura da inda zoben kowanne ya fuskanta, don in ka juya shi ka kashe fanon da hannunka. Na duba bayan ƙwayoyin da suka gasu, ba su huje ba, ba su tsage ba, za su yi aiki ko da ƙarfinsu ya ɗan ragu. Na buɗe akwatin ɗaya fanon na canza nasa su ma. Na toshe da silikon, na sa mita, ƙarfi ya dawo. Sauran aikin shi ne mai wuya, don da mutum za a yi shi.

Malam Kiyari ba ya iya hawa matakala saboda ƙafarsa, shi ya sa bai san abin da ke faruwa a saman ɗakinsa ba. Na leƙo na ce, "Malam, in ka yarda, ina son Ya Amsa ta taya ni wani ɗan aiki a nan sama. Ta zo da faifanta ɗaya."

Ta hau a hankali tana dafa gwiwa, faifai a hannu, ta ja mayafi ta tsaya nesa da ni. Na jona 'yar fankata a fano, ta kama juyawa da ƙarfi.

Na ce, "Ya, don Allah ɗora faifan a kan gilashin nan."

Ta dube ni, ta dubi gilashin, sannan ta ɗora shi daidai kan ƙwayoyin da suka gasu, ba tare da na nuna mata wurin ba. Fanka ta rage gudu, ta yi kamar za ta tsaya. Na ce ta ɗauke, ta ɗauke, fanka ta zabura. Ita da kanta ta sake ɗorawa, ta sake ɗaukewa. Sai ta zauna a kan matakala ta sama, faifan a cinyarta.

Ta ce, "Mai kafawa ya ce rana yake sha. Nakan sa hannu a ƙarƙashin faifan in ji gilashin da zafi rau. Na ce ai zafin yana ratsawa."

Na ce, "Ba zafi yake ci ba, Ya. Haske yake ci."

Ta ce, "Majo ne ya ce a yawaita wa Malam ganye, a kuma kiyaye masa ƙazanta. Soron nan duk ƙasa ce, ga ƙadangaru, ga kashin tsuntsaye. Gilashin nan ne kaɗai wurin da zan wanke da sabulu kafin in shanya abin da zai ci. Da hantsi in jera faya-fayaina a kai, da la'asar in kwashe." Sannan ta ce, "Ashe ni na kwantar da shi a likita."

Ban ce mata a'a ba, don ba yarinya ba ce da za a lallasa da ƙarya. Na ce, "Ba ki sani ba, kuma wanda ya kafa bai gaya miki ba. Da ya gaya miki, na tabbata ko ƙuda ba za ki bari ya sauka a kai ba."

Kafin in sauka na nemi itace huɗu masu gwafa da guntun ragar taga, na kafa mata gadon shanya a bayan fanon, ta arewa, inda inuwarsa ba za ta taɓa gilashi ba. Ragar tana wankuwa, iska tana ratsa ta sama da ƙasa. Ita kuwa ta riga ni sauka, ta je ta gaya wa mijinta da bakinta. Ban ji abin da suka ce ba. Da zan tafi, Malam Kiyari ya rako ni ƙofar zaure yana ɗingishi, ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Isuhu, kada Ari ya ji. In ya ji zai ce mun tsufa, ba ma iya riƙe kanmu, ya kwashe mu duka biyu."

Na ce, "Malam, abin da ba a tambaye ni ba, ba zan faɗa ba. Amma in ya tambaye ni, ban iya ƙarya a kan aikina ba."

Ya jinjina kai ya sake ni.

Ranar ƙarshen wata Ari ya biyo ta shago ya ɗauke ni a motarsa, ya ce gara in kasance a wurin, kowa ya ga gaskiya da idonsa. Da muka shiga zaure na ga wata tsohuwar jakar tafiya a jingine da bango, an ɗaure ta da igiya, ga buta da sandar Malam a kanta. Ya Amsa ce ta haɗa tun safe, don ba ta san yadda za ta kaya ba. Malam yana zaune a kan buzu da carbi, ya amsa gaisuwar ɗansa a taƙaice.

Muka shiga ɗakin da firigo yake. Tun daga ƙofa na ji gurnaninsa. Ari ya buɗe, sanyi ya fito, ya sa hannu ya daɗe bai cire ba. Na nuna masa mita a kan batir, a cike yake, kuma tun ranar da na tafi bai faɗi ba. Muka dawo zaure muka zauna.

Ya ce, "Me ya lalace?"

Na ce, "Diyod ne ya ƙone a bayan fano. Na canza."

Ari ba wawa ba ne. Ya ce, "To me ya ƙona shi? Don in ban san dalili ba, gobe zai sake, kuma wataƙila goben ba za a kai Mirriya da shi da rai ba."

Na ji carbin Malam ya tsaya. Na buɗe baki ke nan, sai murya ta fito daga ƙofar cikin gida. Ya Amsa ce, tana tsaye a bayan asabari. Ari ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

Ta ce, "Kai, bar mai gyara. Ni ce. Shanya nake yi a kai, ban sani ba. Yanzu na sani. In akwai wanda za ka ɗauka don ya kasa, ni za ka ɗauka, shi bai yi komai ba. Ka bar shi da itatuwansa."

Ari ya sunkuyar da kai. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam Isuhu, tsakaninka da Allah, zai riƙe?"

Na ce, "Zai riƙe. Na sa hannuna a kai, kuma wadda ke goge shi kullum ta fi ni kula da shi."

Sai a lokacin Malam Kiyari ya yi magana, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ari, ka saya mini firigo, Allah ya yi maka albarka. Amma ka san gwiwar uwarka. Da wannan gwiwar take hawa soron nan safe da yamma don in ci ganye mai tsabta, ni ina ƙasa ban ma sani ba. A gidanka wa zai yi mini kuskure irin wannan?"

Ari ya miƙe, ya ɗauke buta da sandar ya ajiye su kusa da mahaifinsa. Ya sunkuya ya ɗauki jakar, ya ɗaga asabari, ya ce, "Inna, matsa in wuce, ina ake ajiye ta?"